Koren layin Babana

Babana masinja ne a wani ofis, shekara ashirin yana zuwa aiki a keke ɗaya, baƙi, sirdin duk an naɗe shi da roba, kullum sai ya cusa ƙafar wandonsa ta dama cikin safa kar sarƙa ta ci masa. Ni kuma wankin mota nake yi a bakin babban titi daidai inda yake wucewa. Yaran wurinmu Mai Safa suke ce masa, in ya kaɗa ƙararrawa su kwashe da dariya ni ma in taya su. Da suka tambaye ni me ya sa yake ɗaga mini hannu sai na ce maƙwabcinmu ne kawai.

To bara aka shafa wa gefen titin koren fenti aka zana hoton keke, wai na masu keke ne su kaɗai. Baba ya dawo gida yana ta murna ya ce wa Mama, "Yau dai gwamnati ta san da zamana." Mama ta ce, "Saura ta sai maka sabuwar safa."

Mu kuwa a kan layin nan muke jera motocin da muka wanke su bushe. Wata ranar Talata ni da bakina na ce wa wani mai jar mota ya tsaya a kai. Baba ya taho ba hanya, ya kauce cikin titi mai babur ya goge shi ya faɗi, gwiwa ta ƙuje wando ya yage takardun ofis suka watse cikin ruwan kumfarmu.

Na tsaya da soso a hannu kamar an dasa ni. Oga, mai wurin wankin namu, shi ne ya ɗaga shi ya juyo ya ce mini, "Kai, ba maƙwabcinku ba ne? Zo ka kama masa."

Baba ya dube ni ya dubi Oga ya ce, "E, maƙwabci ne. Bar shi ya yi aikinsa." Ya tsince takardunsa ya tura kekensa.

A gida cewa ya yi santsi ne ya kwashe shi. Washegari na riga kowa zuwa na hana a sa mota a layin, Oga ya ce meye nawa a ciki, na ce Mai Safa babana ne, a gaban kowa na faɗa. Na jira shi har rana ta take bai zo ba. Ashe ya canza hanya, ta bayan kasuwa yake bi yanzu inda babu layi sai manyan motoci. Har yau na kasa ce masa ya dawo.