Muryar Anti Asabe

A Rafin Guza in ka ce Asabe Barnabas ba wanda zai gane, sai ka ce Anti mai waƙa. Shekara da shekaru tana riƙe da ajin ƙananan yara a wata makarantar kuɗi, ajin da sauran malamai ke gudu. Yara ne da ba su daɗe da barin nono ba. Ita ce sharar majina, ita ce ɗora su a fo, wanda ya ƙi yin shiru ta goya shi da zanen da ba ya barin jakarta. Allo kam ado ne, ɗan shekara uku ba ya karatu sai da waƙa da tafi. Haruffa, ƙirga, wanke hannu, duk ta mayar da su waƙa, tana ƙure murya tun safe don ta danne ƙarar injin markaɗen maƙwabta.

To, maƙogwaro ba ƙarfe ba ne. Murya ta fara dishewa, ta sha citta da zuma har ta gaji. Tsoronta ɗaya, kada a raba ta da ajin.

Hajiya Nafisat, mai makarantar, akwai daɗin baki. Wata rana da muryar ta ɗan washe sai ga ta da waya.

"Anti Asabe, rera mana waƙoƙin nan naki duka in ɗauka. Irin wannan baiwa ai ba a bari ta ɓace."

Asabe ta ji daɗi har ranta, ba a taɓa yaba mata haka ba. Ta rera su kaf, har da wadda ta ƙirƙira don lallashin masu kukan safe.

Ana dawowa daga hutu Hajiya ta kira ta ofis. "Lafiyarki ta fi mana komai, ki je gida ki huta." Aka ba ƙanwar Hajiya ajin, aka rataya lasifika a bango.

Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Yanzu Asabe ƙosai take toyawa a bakin layin makarantar, kowace safiya waƙoƙinta na tsallako katanga da muryarta ta da, garau. Abin yana ci mata rai, amma can ne ake ciniki.

Rannan wata uwa da ta rako ɗanta ta tsaya sayen ƙosai, ta kasa kunne.

"Malamar cikin nan akwai murya," in ji ta. "Don ita na kawo shi."

Asabe ta buɗe baki, iska kawai ta fito. Ta ƙulle mata ƙosan ta miƙa.