Kwana Uku a Bakin Gadar Wudil

Ranar Laraba ce bayan la'asar, ina tsintar shinkafa a tsakar gidanmu na Sabon Garin Wudil, yayata ta kira ni. Tana aure a wani birni can arewa maso gabas, inda aka yi shekaru ana fama da 'yan tada ƙayar baya. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce sun shigo gari, sun cinna wa kasuwa wuta, suna bin unguwa-unguwa. Ita da 'ya'yanta uku suna ƙarƙashin gado, maigidanta kuwa tun safe ya tafi shago. Ina jin wata ƙara a bayan muryarta kamar ana watsa tsakuwa a rufin kwano.

"Kina jin su?" in ji ta. Daga nan layin ya katse, bai sake shiga ba.

Baba kaɗai na gaya wa, saboda hawan jinin Inna. Kafin magariba ta ji a rediyo, ta zauna a bakin murhu.

Washegari Baba ya ɗauki buta da tabarma ya nufi bakin gada, tunda duk motar da ta taso daga gabas nan take bi. Na bi shi. Kowace mota ta tsaya a shingen sojoji sai ya leƙa, ya kwatanta 'yarsa. Wani direba ya ce kowa ya fantsama daji, wani ya kau da kai kawai. Haka muka wuni, haka muka sake wuni.

Ranar Asabar da hantsi wata motar shanu ta tsaya, cike da mutane maimakon dabbobi. Ni na fara hango Yaya. Ba takalmi, ƙafafunta sun kumbura, ga 'ya'yanta uku riƙe da zaninta, ga kuma wata jaririya a goye. Na san ba ta da goyo.

Baba ya tambaye ta maigidanta, ta girgiza kai. Ya dubi jaririyar.

"Baba, uwarta a gabana ta faɗi muna gudu. Ban san ko sunanta ba."

Baba ya miƙa hannu ya karɓi yarinyar, ya yi mata addu'a a ka, muka taho gida a ƙasa saboda Yaya ta ce ba za ta ƙara shiga mota ba.

An yi cigiya a masallatai da rediyo, ba wanda ya zo. Yarinyar tana aji huɗu yanzu, Inna take kira kaka. Maigidan Yaya kuwa ba a ga gawarsa ba, ba a kuma ji ɗuriyarsa ba. Malamai sun ce lokaci ya yi da za ta iya yin takaba. Sau biyu Baba yana yi mata maganar, sau biyu tana tashi ta shige ɗaki. Har ya rasu bai sake tayar da zancen ba.