Man Shanu a Akushin Baffa Idi

Ranar wata Alhamis ce a tsakiyar rani, shekarar da na shiga aji uku, bayan an tashe mu daga makaranta, Inna ta aike ni rafi da ɗan tuluna. Rafin ƙauyenmu, can yamma da Bici, ba ya riƙe ruwa da rani, sai an tona yashi an jira ya tsattsafo. Na gangara ke nan na hango ƙanen mahaifina, Baffa Idi, tsugune a bakin wani rami da ya haƙa a inda rafin ya yi kwana, ya naɗe wando har gwiwa, yana juya wani faffaɗan akushi cikin ruwa kamar mai regayar gero. "Zo nan, Uwata," in ji shi, domin sunan mahaifiyarsu aka sa mini, daga shi har Baba ba mai kiran sunana. Ya karkata akushin wajen rana, ya zuba ɗan ruwa ya gewaya da shi. Baƙin yashin da ya rage a gindi ya ja gefe, sai ga wani siririn layi rawaya a bayansa, kamar an barbaɗa garin ɗorawa. "Kin gan ta? Zinariya ke nan. To rufe bakinki, kada ki hura mini ita."

Baffa Idi ya daɗe a Kurmi, ƙasar Asantawa, har an fid da rai da shi. Ya dawo ba mata, ba kaya, sai tari da wannan akushi da ya rataya a kafaɗa. A wajenmu kuwa ƙasa ba ta da yawa. Gona na manne da gona, ko'ina gamba ce ta iyaka, kowace kuka da kowace ɗorawa da mai ita, kuma gonar gadon da ya kamata ta zama tasa tuni ta shige cikin ta gandu. Abin da ya rage shi ne wani ɗan fegi a gaɓar rafi, inda Baba ke shuka rogo. Wannan fegin Baffa ya roƙa, ya ce ƙasar gaɓar da yashin gindinta suna da zinariya, in an bar masa zai kafa bukka ya zauna, ya huta da yawo. Baba mutum ne na fartanya, bai yarda da abin da ba a shuka ba. Ya ce, "In ka nuna mana ita a gaban Mai Unguwa kafin shuka, fegi naka ne. In babu, kada ka ƙara tona mini gaɓa."

Daga ranar na zama 'yar koyo. Ina gama surfe da share tsakar gida, in kai wa awaki harawa, sai in sulale rafi, in bar ƙawayena suna carafke a gindin cediya. Ya samo mini tsohuwar ƙwarya, ya koya mini aikin daga tushe. Ba a ɗiban yashin sama, sai na ƙasa, wanda ya kwanta a kan yumɓu ko a bayan dutse, inda ruwa ke rage gudu ya ajiye kayansa masu nauyi. A nutsa ƙwarya cikin ruwa, a murje curin laka da yatsu, a tsince tsakuwa. Sannan a girgiza gefe da gefe, a girgiza sosai, don mai nauyi ya sauka gindi, kafin a karkata baki a bar ruwa ya lashe na sama kaɗan kaɗan. Ni gaggawa ke cina, ina so in kai ƙarshe in ga rawaya. Yakan ce, "Uwata, ba biki za mu ba. Girgiza ta fi zubarwa yawa." Sau da dama na yi ihu na ga zinariya, sai ya dangwalo abin da farce ya murƙushe shi, ya ce wannan ƙyalƙyali ne kawai, shi yana rawa cikin ruwa, ita kuwa inda ta zauna nan take zama.

Tamu ba mai ƙwaya ba ce, gari ce, ta fi kwalli laushi, ba ta tsintuwa da yatsa. Don haka ba ya raba ta da baƙin yashin. Kullum da yamma sai ya juye ɗan abin da ya rage a gindin akushi cikin wani ƙaramin gora, ya toshe da tsumma. Ya ce in ya nuna ta ɗis ɗis za a ce ba komai ba ce, gara ya tara na rani duka ya wanke a gaban mutane, su ga layin ya yi kauri. Kafin nan mutanen gari sun riga sun sa shi a baki. A dandali samari na ce masa Sarkin Zinariya, a filin makaranta kuwa yara maza in sun gan ni sai su tsuguna suna juya murfin kwano cikin ƙasa suna tari. Na sha kokawa a kan haka, har Malam ya taɓa sa ni kamun kunne.

Ruwan farko ya sauka, rafi ya kawo, aka sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. A gidanmu akushi abin ado ne. Na Baba baƙi wuluk yake, yana sheƙi, don Inna ba ta fasa shafa masa man shanu, kuma akushin da ya yi fari ya bushe abin kunya ne ga matan gida. Na Baffa kuwa kullum da toka da yashi yake dirje shi, ya yi furu-furu, har bakinsa ya soma tsagewa. Ni a zatona rashin mata ne ya sa. Da safiyar Juma'ar na ji Inna na faɗa wa maƙwabciyarmu, "Mai Unguwa guda zai zo kallo, a fito masa da abu kamar na ban ruwan kaji." Maganar ta tsaya mini a rai. Da maza suka tafi masallaci na shiga zaure na sauko da akushin, na lakato man shanu daga ƙoƙon Inna, na shafe shi ciki da waje, na sa shi a rana ya sha, na goge da tsumma har hannu ba ya jin maiƙo. Ban san cewa garin zinariya ba shi da maƙiyi kamar mai ba. Na mayar da shi inda yake, ina jin kamar na yi wa Baffa ɗinkin salla.

Mutane sun cika gaɓa, mu yara muna leƙe ta tsakanin riguna. Baffa ya fito a gaggauce, bai ko dubi akushin ba. Ya shiga ruwa, wanda ya yi ja saboda laka, ya zazzage goran duka, ya yi bisimilla ya soma girgizawa. Ya karkata, ya girgiza, ya karkata. Can sai na ga ya tsaya cak. Ya goga babban yatsansa a jikin icen, ya kai hanci. Ya ɗago ido yana bin mutane har ya zo kaina, ni kuwa ina ta washe baki, ina jira ya yaba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya sunkuya ya ƙarasa abin da ya rage. Da ya gewaya da ruwa, babu layi, sai 'yan ɗigo da ba su kai a nuna wa babba ba. Wani dattijo ya leƙa ya ce, "Idi, wannan ai ko a takalmina akwai." Aka tuntsire da dariya. Mai Unguwa ya kaɗe riga ya ce Allah ya kyauta. Baffa ya ɗauki akushinsa ya haye gaɓa.

Da la'asar na same shi a zaure yana dirje akushin da toka. Ya ce, "Uwata, kin iya shafa, ya yi kyau. Sai dai ita ba ta shiri da mai, in ta ji shi sai ta hau saman ruwa ta bi shi." Na ruga cikin gida ina kuka, na faɗa wa Baba a gaban kowa cewa ni ce, ni na shafa. Baba ya ce, "Tun yaushe ƙarfe ke iyo? Shi ya kitsa miki wannan?" Inna ma ta ce in yi shiru, tausayi ne ke sa ni ɗaukar laifin da ba nawa ba. Na koma na roƙi Baffa ya yi musu bayani da bakinsa. Ya girgiza kai. Wanda aka yi wa dariya a gaban Mai Unguwa, in ji shi, ba ya komawa ya ce yarinya ce ta ja masa. Ga ruwa ya rufe ramukansa, sai wani rani, Baba kuwa washegari ya dasa rogo a fegin. Ya taya mu shuka, ya taya mu noman farko, ranar wata kasuwar Bici ya bi motar shanu. Mun ji an gan shi a wajen Jos, a haƙar kuza, daga nan ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Aure da fataucin atamfa sun kai ni wurare. Na zauna a Kumasi har Asantanci ya zauna a bakina, na yi shekaru a Bamako, na ratsa Sudan a hanyar Makka. Duk inda na ji ana wankin zinariya sai ƙafata ta kai ni. A Mali na ga mata a jere cikin kogi da ƙore, ba wadda ke shafa man kaɗe a hannu ranar aiki, kuma in sun zo wankin ƙarshe sai su koma cikin baho, su ɗiga ruwan sabulu. Na tambayi wata da Bambaranci, ta ce saman ruwa yana da 'yar fata, irin wadda ƙwari ke tafiya a kai a kududdufi. Garin zinariya, duk nauyinsa, in maiƙo ya taɓa shi ba ya jiƙa, sai ya kwanta a kan fatar nan ya tafi, sabulu kuwa yana yanke ta ya nutse. Na tsaya ina lissafin abin da bai da amfani: da a baho ya wanke, da na tambaye shi kafin in shafa, da Inna ba ta yi maganar nan ba. Matar ta ga idona ya kawo ruwa, ta zaci rana ce, ta matsa mini cikin inuwa.

Bara na je gida ta'aziyya, na ce wa jikan yayana ya kai ni rafi a babur. Ban gane wurin ba. Gaɓar duk ramuka ce, babu rogo, babu gamba, inji na ta ƙara yana niƙa dutse. Samari na zuba laka a kan dogon katako da aka shimfiɗa wa kafet, wasu na jan baƙin yashi da maganaɗisu, wasu na murza zaiba, ruwan ƙarfen nan mai kama zinariya, da tafin hannu, suna ƙona ta suna shaƙar hayaƙin da na san yana cin mutum a hankali. A da mutum ɗaya ne da akushi, gari na yi masa dariya. Yanzu gari ne duka a cikin ramin, har da jikokin masu dariyar. Na tambaye su wa ya fara gano zinariya a nan, suka ce wasu baƙi ne da suka zo da na'ura. Na ce a'a, wani mutum ne Idi, ɗan gidanmu, wanda ya nemi ɗan wurin zama a daidai inda injinku yake. Suka ce, "Allah sarki, Hajiya," suka koma aikinsu. Na sake faɗin sunan da ƙarfi saboda ƙarar inji, ban sani ba ko akwai wanda ya riƙe.