Hannun Yaya Ba Ya Tafiya Sai da Takarda

Jama'a a gyara zama, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Ga babbar marubuciyar gidanmu, wadda duniya ba ta karanta ba tukuna saboda ba ta rubuta komai ba: Yayata, mai buga takardu a shagon ƙarƙashin bene, tsakanin mai gyaran waya da mai aski.

Shekara da shekaru rubutun mutane take bugawa. Ɗalibi ya kawo aikin makaranta, ta jingine takardar a hagunta, ido a kai, yatsu na gudu ko madannan kwamfutar ba ta kallo. Amma ranta na kan labari, nata na kanta. Da wata mujalla ta nemi gajerun labarai daga sababbin marubuta kafin ƙarshen wata, Yaya ta ce wannan karon ba za a yi babu ita ba.

Matsalar ita ce, in babu takarda a hagu, hannun Yaya ba ya motsi. Ta buɗe shafi fari tas, ta waiga hagu, sai kofin shayi. Ta buga "Wata rana", ta goge. Ta ɗauki biro, shi ma ya ƙi. Injin kwafi ya cinye takarda, wuta ta ɗauke, wani ya leƙo yana tambayar hoton fasfo. Kullum ta dawo gida tana huci, har Inna ta daina yi mata sannu da aiki.

"Yaya, yau an kai layi na biyu?"

"Za ka sha mari."

Wata na shirin ƙarewa, ni da makaranta ta gaji da ni na zauna na zuba shirme shafi biyu: direba ya auri aljana, ta gudu da motarsa. Na ba mai aski ya kai mata a matsayin aikin kwastoma, na laɓe a shagonsa ina saurare.

"Wane sakarai ya rubuta wannan? Mace ba ta magana haka." Na ji madannai sun ɗauka. "Direban da bai san kukan injinsa ba?" Ta kori aljanar, ta kawo matar direba da ke sayar da kayan ɗakinta a ɓoye don motar ta tashi. Kafin yamma babu kalmata ko ɗaya a ciki. Da ta nemi mai aikin, mai aski ya tona ni, ta tura wa mujallar labarin da sunanta.

Mujalla shiru har yau. Yaya kuwa ta buɗe sabon shafi, ta sake maƙalewa a "Wata rana".

Na shiga ina gyara wuyan riga. "Yaya, in an buga, a sa sunana a sama, naki a ƙasa."

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Gobe ka kawo wani shirmen. Matsa, ka tare mini fanka."