Tayoyi bakwai da na aika wa Yaya

Ina tsugune a rumfata ta tashar Tasawa, ina raba wata tsohuwar taya gida biyu, sai waya ta yi ƙara. Maƙwabcin Baba ne daga ƙauyenmu, arewa da Gidan Amumune. Ya ce, "Sai haƙuri, Allah ya yi wa yayarka rasuwa." Kwana biyar ta yi tana masassara, ba wanda ya gaya mini, don ba a tayar da hankalin na nesa saboda masassara. La'asar ta wuce, motar Mayahi ta ƙarshe ta tafi. An kai ta makwancinta ba ni nan.

Mun tashi da asuba, mota cike, har da akuya biyu a ƙarƙashin kujera. Tun da soja suka karɓi mulki aka rufe wasu iyakoki, isansi, wato man fetur, ya hau, kuɗin mota ya bi shi, jikka guda aka ƙara a kan abin da na sani. A bariya jandarma ya duba katin kowa, ya leƙa ƙasa ya ce, "Su waɗannan fa, ina nasu?" Aka yi dariya. Ni ma na ji bakina ya ɗan motsa. Tayar gaba ta hagu na gane ta, ni na sayar wa direban bara, duk ramin da muka faɗa sai in yi salati a madadinta.

Gonaki duk sun zama fili, an tsince kara har saiwa an ba dabbobi. Daminar bara ta makara, ta zo ta zubar da ruwan wata guda a kwana uku, ta rushe katangu, sannan ta ɗauke daidai lokacin da hatsi ke fidda kai. Rumbuna da yawa an sauke musu jinka, alamar babu komai ciki. Gawo kaɗai ke da ganye.

A Mayahi na sha fura a tsaye. Da nonon gari aka dama ta, mai furar ta ce shanu sun yi kudu. Daga nan na hau kabu-kabu, muka ratsa Gulbin Kaba, gulbin da ba shi da ruwa sai suna da goriba. Sau biyu na sauka muka tura babur cikin rairayi. Kowane ƙauye muka wuce, bido-bido ne, jarkokin ruwa, jere a bakin rijiya, kuma a ƙofar gidaje rabin taya cike da ruwa.

Wannan sana'ata ce. Tayoyin gwanjo daga Turai suke zuwa cikin jirgin ruwa, su zauna a bakin teku ruwan sama na dukansu, sannan su hau babbar mota. Da aka rufe gajeriyar hanya sai suka riƙa zagayowa, su yi makonni. In sun iso akan tarar da baƙin ruwa a cikinsu, da ganyen itatuwan da ban san sunansu ba. Mu tuntsurar, mu sayar. Waɗanda suka gaji mu yanka su, su zama komin shayar da dabbobi. Da famfon ƙauyenmu ya fara lalacewa, bakwai na aika wa Yaya. Mijinta ya rasu, ta dawo gida tana kula da Baba da 'yan tumakinta. Duk ranar da amalanke ta kawo ruwa sai ta cika su, ta ja su inuwa.

Na tarar da Baba a rumfa da masu gaisuwa. Yaya ce 'yar farinsa, har a ranar bai kama sunanta ba. Ya ce, "Auta, ka iso? Yarinyar nan ta tafi ta bar ni da tumaki." Da azahar, cikin zafin bazara, wani abu ya cije ni a idon sawu. Na kai hannu na murje: ɗan ƙaramin sauro ne baƙi, da zanen fari a ƙafafunsa. A wurinmu sauro baƙon damina ne, kuma sai rana ta faɗi yake fitowa. Da an gama kaka ake naɗe sange, gidan sauro. Na Yaya ma na gan shi an lulluɓe zogale da shi don kada awaki su ci. Na zaga bayan ɗakinta. Tayoyin na nan jere a inuwar zana, na duƙa, sai ga ƙananan tsutsotsi suna wutsil-wutsil a kowace.

Washegari na koma Gidan Amumune, na nemi majo, babban ma'aikacin asibitin da aka kai ta. Mutum ne mai magana a hankali. Ya ce sun gwada jininta, ba palu ba ne, wato maleriya. "Ba zan rantse maka a kan abin da ya ɗauke ta ba, ba mu da abin gwada sauran." Amma ya ce bana masassarar rani ta yi yawa, kuma akwai sauron da ke manna ƙwansa a jikin taya. Ƙwan ya bushe, ya yi watanni, ya bi kaya daga ƙasa zuwa ƙasa, ranar da ruwa ya taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Zafi ya ƙaru, fari ya sa kowa yana ajiye ruwa a gida, shi kuma abin da yake so ke nan. Ya tambaye ni sana'ata. Na ce ina sayar da kaya a tasha.

Da na dawo na ce wa Baba a zubar da ruwan tayoyin nan. Ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Ruwa, Auta? Ka san daga ina jaki ya jawo shi?"

"Baba, sauro ke haihuwa ciki."

"Sauro da bazara? Ka daɗe a birni. Kai ka aiko su, ba ranar da ba ta sa maka albarka."

Daga baya ya yarda a bar tumaki su shanye ɗaya bayan ɗaya, kada a ƙara. Duk wadda ta ƙare in goge cikinta da toka da soso, in kife ta a rana. Kwana huɗu, taya huɗu. Sauran ukun ya ce a'a, famfo bai tashi ba, biyu daga cikin tumakin suna da ciki. Na kwance sange daga kan zogale, na wanke, na ɗaura masa. Ya ce zai shiga in ya tuna.

Na dawo Tasawa ta hanyar da na bi, ba wanda na yi wa magana sai mai kabu-kabu. Tafiyar ta nuna mini cewa nisa ba ya tsare kowa yanzu. Abin da ya kwanta a bakin tekun da ban taɓa gani ba yana iya tashi a bayan ɗakin yayata, kuma hannun da ya kai shi yana iya zama na mai ƙaunarta. Ban san ko haka aka yi ba. Ba kuma wanda zai iya ce mini ba haka ba ne.

Na sayi tano biyu, gangunan ajiye ruwa masu marfi, suna nan a tasha ana jiran motar da ke da wuri a sama. Baba bai san abin da majo ya faɗa mini ba. Tayoyi uku na nan cike da ruwa, kuma kusa da su, a inuwar zana, yake kishingiɗa da rana.