Hirar Awaki a Bayan Lajawa

Karatu da girma wahala ne, ba zan ɓoye muku ba. Na daɗe ina aikin banga a Sabon Garin Wudil, sai ga ni da furfurata na shiga kwas ɗin ƙarshen mako na nazarin laifuffuka, ina zama aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yana. Darasin da ya fi ba ni ciwon kai shi ne na dabarun bincike, wato yadda ake karɓar bayani daga bakin mutane. Gwajin farko na faɗi warwas. Malaminmu bai rufe ni ba, ya ce in ban kawo hira mai kyau daga fitar da ajinmu zai yi ƙauye ba, sai na maimaita shekara. Ni kuma na san kaina, in aka ce in maimaita, na bari ke nan.

Mun tashi da asuba daga bakin gada a wata tsohuwar bas da ƙofarta ke rufuwa da igiya. Aikin da aka ba mu shi ne mu tambayi masu kiwo a wani ƙauye bayan Lajawa dalilin da ya sa ba sa kai ƙara in an sace musu awaki. Muna barin kwalta hanya ta zama taɓo, don an kwana ana ruwa. Gero ya yi tsayi har yana shafar gilashi. Direba bai daina kukan tsadar mai ba sai da motar ta kafe, muka fito turi. A nan kaɗai na fi yaran nan maki. Mun karya a bakin hanya da ɗanwake mai yaji sosai, man kuwa sai ka yi rantsuwa nuna masa kwalbar kawai aka yi.

Mun fara sauka ƙofar mai unguwa, aka yi gaisuwa, Malam ya yi bayani, sannan aka raba mu. Ni aka haɗa ni da wata ɗaliba 'yar ƙarama mai baki. Muka tarar da dattawa a gindin darbejiya. Na yi sallama, na tsaya a kansu, hannu a baya, na ce, "Wa aka yi wa sata a cikinku? Yaushe? Wa kuke zargi?"

Wani tsoho ya kalli takalmina na aiki, ya kalli fuskata, ya ce, "Yallaɓai, mu nan lafiya lau muke. Ko kaza ba ta taɓa ɓata ba."

Sauran suka ce ƙwarai kuwa. Ɗaya ma ya tuna yana da aiki a gona.

Yarinyar nan ta ja ni gefe. "Baba, hira Malam ya ce, ba kame ba. Ka tsaya musu a ka kamar ka zo da ankwa."

Raina ya ɓaci, amma gaskiya ta faɗa. Na koma, na cire takalmin, na zauna a ƙasa gefen tabarma. Na sake gaisuwa tun daga farko, na tambayi gida, na tambayi damina, na tambayi dabbobi. Na faɗa wa tsohon gaskiya cewa ni ɗan banga ne, amma yau ɗalibi ne, ba zan rubuta sunan kowa ba, kuma in bai so ba ya ce bai so. Na nemi izinin ɗaukar muryarsa a waya. Ya yi dariya ya ce, "Da gemun nan kake makaranta? To ɗauka."

Na yi tambaya ɗaya, yadda aka koya mana: "Baba, in akuya ta ɓata a nan, yaya ake yi?" Daga nan na kama bakina. Wallahi ban taɓa aiki mai wuyar wannan shirun ba. Ya yi ta tauna goro, ni kuma gumi na bin bayana. Can sai ya fara. Ya ce mai ɗaukar akuya yawanci ɗan gida ne, ɗan ƙane ko jikan maƙwabci. In ka kai shi gaba, 'yan banga su farfasa masa jiki, ka dawo ka ci gaba da haɗa sahun salla da ubansa. Gara a je gun mai unguwa a sasanta a rufe. Maganar ta soke ni, na haɗiye.

Sai ya ce, "Ko watan jiya an ɗauke min tunkiya, kuma na san yaron."

Harshena ya yi ta ƙaiƙayi. Sunan nan yana bakinsa, tambaya ɗaya ce ta rage. Na dubi wayar, na ce, "To yaya kuka ƙare?" Ya ba ni labarin har ƙarshe, ba suna. Kafin azahar wanda ya tafi gona ma ya dawo yana cewa a ɗauki tasa. Aka kawo mana fura mai sanyi a ƙwarya, irin wadda ba a samu a gari.

A hanyar dawowa Malam ya sa wayata a kunne yana saurare, ni ina kallon ƙeyarsa. Mun kusa hango kogi ya juyo ya ce, "Baba, ina muryarka a ciki? Da ƙyar na ji ta." Na ɗauka na sake faɗuwa. Sai ya ce, "Haka ake so. Ka ci. Da wannan zan koyar da aji." Motar ta kaure da tafi, har direba ya danna oda.

Na iso gida da magariba, ƙafa duk taɓo, baya kamar an daka. Abin da na koyo bai da yawa: ka zauna ƙasa, ka faɗi ko kai wane ne, ka yi tambaya, ka yi shiru.

Washegari da safe na gwada a kan uwargida. Na ce, "Wai me ke damunki a gidan nan?" na kama bakina. Har kokona ya huce ba ta kai rabi ba.