Kitson Iya Asabe

Ranar Larabar da Iya Asabe ta tashi daga kujerata ta fita, ko sai anjima ba ta ce mini ba, har yau ba ta gushe mini a ido ba. Ku da kuke wannan aiki yanzu da takardunku na manyan makarantu, ku yi haƙuri da labarina. Ni karatun manya na yi, na yamma, da goyo a baya.

'Yan shekaru ne bayan samun mulkin kai, ƙasar nan tana Dahome tukuna. Na daɗe ina tafinta a santar sosiyal na Paraku, wato ofishin da ake kula da mata da yara da masu damuwa. Shugabata Madam Selestin ce, asistan sosiyal, wato jami'ar kula da jama'a, 'yar kudu, ba ta jin Hausa balle yaren Dendi. Tsarin aikin kuwa, mai matsala ta zauna gaban tebur, Madam ta ɗauko fish, katin nan da ake rubuta sunan mutum da unguwarsa da sunan miji da na 'ya'ya. Ta yi tambaya da Faransanci, ni in juya. Sai an cika fish ake shiga magana.

In aiki ya lafa nakan zuba wa taga ido. Jirgin Kutonu ya yi kuka daga Gar, tashar jirgin ƙasa, ni kuwa hankalina ya tafi wani ɗaki da ba a gina ba tukuna, mai shuɗiyar ƙofa da farin labule yana kaɗawa. A ciki mace tana gaya mini abin da ke ranta da bakinta, babu wanda ke tsakani. Na yi shekaru ina shiga ɗakin nan ina fita ba wanda ya sani.

Da na gaya wa Madam ina son buɗe irin ɗakin nan, ta taimaka mini na rubuta takardar neman izini, aka kai biro, wato ofishin hukuma, aka buga hatimi bayan wata huɗu. Ranar sallama ta ba ni damin fish, ta ƙarfafa mini gwiwa da Faransanci, ta ce, "Bon courage, Rabi. Ki dinga kallon mutum cikin ido, kar ki tsallake layi."

Maigidana mahauci ne. Ya kwashe fatun da yake ajiyewa a ɗakin gefen zaurenmu a unguwar Gema, aka shafe ɗakin da farar ƙasa, aka yi wa ƙofa shuɗi. Na sa tebur da kujeru biyu suna fuskantar juna. Ya leƙo ya ce, "To Madam Rabi, mu ma sai mun cika fish kafin a ba mu tuwo?"

Mako uku ina share ɗaki ina zama, sai Alhaji Garba, mai kawo wa maigidana shanu, ya zo da yayarsa daga Pelebina, can ƙasar Jugu. Ya tsaya a zaure ya yi mini bayani ƙasa-ƙasa. Ɗanta, mai aikin lodi a Gar, zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi. An yi sadakar arba'in, ba wanda ya ga hawayenta, abinci kuma sai kurɓar kunu. Ya ce, "An yi rubutu, an je asibiti, an ce ba ciwo. In aka bar Yaya haka, damina ba za ta same ta ba."

Ta shigo kamar inuwa, ta ɗosana a bakin kujera. Na ɗauko fish, na kalle ta cikin ido yadda aka koya mini.

"Iya, sunanki?"

"Asabe."

"Sunan maigida?"

Ta sunkuyar da kai. "Malam."

Na rubuta Malam. "'Ya'ya nawa?"

"Huɗu."

"Na farin, sunansa wa?"

Ta kalli alƙalamin da ke hannuna, ta kalli ƙofa, ta tattara mayafinta ta fita.

Ina zaune sai na gane kuskurena. Wanda ya rasun shi ne ɗan farinta. A wajenmu uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta nuna tana sonsa a gaban mutane. Ni kaina "'yar nan" nake ce wa tawa. A santar, in mace ta yi shiru a wannan layi, 'yar rakiyarta nake tambaya in gaya wa Madam, ba ta ma san an yi ba. Da alƙalami ya dawo hannuna, sai na manta abin da na sha a nono.

Kashegari aka ce sun koma. Na hau kamiyon, babbar motar 'yan kasuwa, zuwa Jugu, daga can na sami wata motar zuwa Pelebina. Ban ɗauki fish ba, sai goro da man kaɗe. Hanyar ja ce, itatuwan kaɗanya suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ina gyangyaɗi ina ganin ɗakina mai shuɗiyar ƙofa, kowane lokaci kuma ba kowa a ciki.

Na sami Iya Asabe bayan rumbu, gindin mangwaro. Na durƙusa na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, ba ta kalle ni ba. Iska ta zame mata ɗankwali, na ga kan ya cukurkuɗe, tun rasuwar ba a taɓa shi ba.

Na ce, "Iya, wannan kai dai ba zan bar shi haka ba. Ko ki yarda in tsefe, ko in kwana uku a gidan nan ina cinye muku doya."

Ta ɗan murmusa. "Ku 'yan birni kun iya kitso ne?"

Na hau turmi, ta zauna tsakanin ƙafafuna ta ba ni baya. Ina tsifa ina shafa mai. Shanun Fulani suna wucewa can nesa cikin hasken la'asar, kamar ba sa taka ƙasa. Na kai rabin kai, sai na ji muryarta, ba da ni take ba, da gonar da ke gabanta take.

"Wancan yaron ya ce zai sa ni a jirgi in je in ga teku. Na ce masa in ka ga dama, na juya na ci gaba da shara." Ta ci gaba, "In ya zo gida, tun safe nake kirɓa sakwara, in ba ƙanwarsa ta kai masa, in ce ta ce ragowa ce. Ranar rasuwa ni ke raba wa mata ruwa. Kakarsa ta yi kuka, gwaggwanninsa suka yi. Ya tafi bai taɓa jin sunansa a bakina ba."

Ban daina kitso ba. Na ce, "Iya, ba kowa a nan. Ni ma ƙeya kaɗai nake gani."

Na kitsa layi ɗaya, na kama na biyu. Sai a hankali, kamar mai tada yaro daga barci, ta ce, "Hamidu." Ta sake faɗa. A na ukun kafaɗunta suka fara rawa, ta kife kai a gwiwata ta yi kukan da ta riƙe kwana hamsin. Na bar ta har zanena ya jiƙe. Da ta ɗago na ƙarasa kitson, ta shafa kai, ta kira 'yarta ta ce, "Ke, baƙuwa ta sha hanya. A ɗora doya." Kwano ɗaya muka ci, ta fi ni loma.

Da na dawo Gema na sa aka fitar da teburin. Maigidana ya kai shi rumfarsa yana yanka nama a kai, yana cewa sai yanzu teburin ya sami aiki. Na shimfiɗa tabarma, na ajiye mataji da kwalbar mai. Daga nan mata suka fara zuwa, don mai shiga gidan kitso ba wanda zai tambaye ta me ke damunta.

Ban ce ku zubar da fish ɗinku ba, ni ma nakan rubuta nawa bayan mutum ya tafi. Amma mutanenmu, abin da ya fi musu nauyi ba sa faɗarsa ido cikin ido. Ku samar musu inda za su ba ku baya. Iya Asabe ta yi shekara goma sha ɗaya bayan nan, duk zuwanta Paraku sai ta kawo mini kai, kuma ko sau ɗaya ba mu kalli juna muna magana ba.